Ma'aunin da Fankarku Take Saurara

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Fanka, Kamfanin Ƙera Kwamfuta na Tsaunin Sanyi, duk inda ofishinsa yake.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Sunana Juwairiyya Sharfuddeen, ina zaune a Asata, cikin Enugu. Sana'ata ɗaukar bidiyon taron mata: suna, kamu, walima, duk inda ba a barin namiji ya shiga da kyamara. Da kwamfutarku nake haɗa aikin, kuma ina alfahari da ita, idan ba ta suma ba.

Makon jiya na ɗauki sunan jikan Hajiya Rakiya, wadda babu matar da ke shirya biki a unguwar nan ba tare da ta ji ta bakinta ba. Sunan marigayi mahaifinta aka sa wa yaron. Mahaifiyarta tana Indabawa a Kano, ƙafa ta hana ta tafiya, ido kuma ba ya ganin hoton waya, sai na talabijin. Hajiya ta yanki tikitin motar ranar Asabar, ta ce da bidiyon za ta hau. In ta hau babu shi, tsohuwa ba za ta ga takwaran mijinta ba, ni kuma sai in nemi wata sana'a.

Ga 'yan koke-kokena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Sau biyar kwamfutar tana ɗaukewa ana tsakiyar haɗa bidiyon. Bayanta kuwa, da na zuba mai da na soya ƙosai. Duk wannan ana yi fankarku tana juyawa a natse, ko a jikinta. Ina jinjina wa tarbiyyar da kuka ba ta.

Na biyu. Na kai ta kasuwar Ogbete wajen Malam Kallamu mai gyara, dattijon da aka haifa a garin nan. Ya buɗe, ya leƙa, ya ce, "Malama, fanka no get wahala o, wanda take jin maganarsa ne matsalar." Ashe ma'aunin zafi uku kuka sa. Ɗaya a kan ƙwaƙwalwar injin, ɗaya a kan katin hoto mai ɗaukar nauyin aikina, ɗaya kuma can gaban akwatin, inda iska ke shigowa. A cikin ukun nan, hikimarku ta zaɓi na bakin ƙofa ya zama shi fanka za ta riƙa tambaya. Ranka ya daɗe, me ya sani game da zafi? Wane aiki yake yi ban da shan iska?

Na uku, kuma a nan ina da nawa laifin. Kafin in je wajen Malam Kallamu, maƙwabciyata Lami mai sayar da zobo ta tausaya min. Ta kawo ƙulli shida masu ƙanƙara, muka jera su a gaban kwamfutar, muna yi mata sannu. Ma'aunin bakin ƙofa ya ji sanyi, ya aika wa fanka cewa gari lafiya, ta je ta kwanta. Ran nan ko minti goma ba mu yi ba injin ya mutu. Da na ba Malam Kallamu labari sai da ya ajiye sukudireba ya yi dariyarsa ta ishe shi. Zobon dai mun shanye.

Na huɗu. Wurin da ake canza wannan zaɓi kun binne shi bayan allo huɗu, da Turancin da ko 'yata mai karatun jami'a sai da ta ce a ba ta lokaci. Don Allah wa kuke ɓoye wa?

Da muka tono wurin, Malam Kallamu ya tambaye ni wanne za a zaɓa. Ban ko yi tunani ba. Shekara tara ina shiga gidajen biki, kuma ko'ina fanka tana falo, kan manyan baƙi masu jiran abinci, masu tuƙa tuwo kuwa suna bakin murhu gumi na shiga musu ido. Na ce ya ba ni wanda ke bakin murhu. Ya zaɓi katin hoto.

Tun daga nan fankarku take ruri kamar babur ɗin okada mai hawan tudu. Bidiyon ya kammala ranar Juma'a bayan la'asar. Litinin Hajiya ta kira ni daga Kano. Ta ce tsohuwa ta sa an jawo mata kujera har gaban talabijin, ta ɗora tafinta a kan fuskar jinjirin, ta ce, "Maigida, sai yanzu?" Sau uku aka maimaita mata bidiyon. Ni da ke riƙe da waya a Asata sai da na yi hawaye.

Roƙona ɗaya ne, Allah ya ƙara maka girma. Kafin ku rufe akwatin da za ku sayar gobe, ku tashi daga kujera ku taɓa ku ji wanda ya fi zafi, shi za ku ba fanka.

Taka mai biyayya har kullum, wadda sai ta ɗaga murya ake jin ta a shagonta,

Juwairiyya Sharfuddeen,
Asata, Enugu.