Ranar da Kyaftin Ya Kai Ni Sabon Gari

Ba na jin zan taɓa mantawa da yammacin da na fita binciken halin kare, ko da kuwa ’yan uwan matata za su bar ni in manta.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba. Ina cikin ma’aikatan da aka kwaso daga Sakkwato aka dawo da su gida, aka ajiye ni Ƙauran Namoda a matsayin malamin dabbobi. Aikina allurar shanu da duba kofaton jakuna, amma mutane na ce mini likita, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Ina neman auren wata yarinya ’yar Moriki, Luba, kuma magana ta kai inda iyaye ke turo mutum a ɓoye ya binciki halin manemi. Ban san wa za a turo ba, ban san yaushe ba. Don haka na daina zaman karta, na koma sahun farko a masallaci, har ladan ya fara tambayata ko lafiya.

Ana cikin haka aka ƙaddamar da Shari’a, aka ba gidajen giya wa’adin rufewa. Maƙwabcina Baba Sande, tsohon ma’aikacin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, ya ce dama lokacin komawa garinsu ya yi. Direban motar da ta kwashi kayansa ya rantse ba zai ɗauki kare ba. Sai tsohon ya miƙo mini igiyar karensa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce ai ni likita ne. Na ji kunyar cewa a’a. Sunan karen Kyaftin, ja ne, ya kai ɗan maraƙi girma.

Da safe Kyaftin ba ya da laifi. Amma da an idar da La’asar sai ya fara kuka yana tonon ƙofa, yana fizgar igiya har wuyansa ya saɓule ya yi ciwo. Maƙwabta suka fara yi mini sallama a tsaitsaye. Wani ya ba ni shawarar bulala, wani ya ce in kai shi daji in baro. Ni kuwa na tuna da wani kwas da aka taɓa tura mu, inda malamin ya ce kare ba ya hauka haka kawai. A cire masa igiya daga wuya, a yi masa ɗamarar ƙirji, a fita da shi, a sassauta, a bar shi ya yi gaba, ana lura da kunnuwansa da wutsiyarsa da inda ya nufa. (Ni kaɗai na saurari wannan darasin. Sauran ɗaliban sun san inda za su yi aiki babu mai kawo musu kare.)

Na je wurin baduku na kwatanta masa abin da nake so: fata ɗaya ta zagaye ƙirji ta gaba, ɗaya ta bayan ƙafafu, da zobe a gadon baya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaya ko hawan karen zan riƙa yi, don ya san ko zai sa likkafa. Duk da haka ya yi aiki mai kyau, har da ’yan tuntaye ja da kore waɗanda ban ce ya sa ba.

Ranar da za mu fita na sa farar shadda, domin mai bincike na iya ɓullowa ko’ina. Na ɗaura wa Kyaftin ɗamararsa. Don kada ya kuɓuce ya ciji wani, na ƙulla igiyar a wuyan hannuna na dama, irin ƙullin da muke yi wa bijimi.

Mun fara tafiya lafiya lau, ban da cewa duk wanda muka wuce sai ya daina abin da yake yi. A garinmu kare na bin mafarauci ne a baya, ko ya kwana a ƙofar garke. Ba a taɓa ganin an yi masa ado an sa shi gaba ba. Wani dattijo mai shuɗiyar riga yana tura keke ya biyo mu a hankali. Na ɗauka mai son ilimi ne, sai na rage sauri na yi masa bayani.

“Baba, bincike nake yi. Halinsa nake son in gane.”

“To, madalla,” in ji shi. “Allah shi ba da sa’a.”

Da muka hango layin dogo sai kunnuwan Kyaftin suka miƙe. Na lura da wannan, kamar yadda aka koya mana. Abin da ba a koya mana ba shi ne, karen da aka raba wuyansa da igiya, aka mayar da nauyi kan ƙirjinsa, ƙarfinsa duka yake samu. Ya zabura, na bi. Hulata ta faɗi a bakin layin dogo, takalmi ɗaya ya tsaya a kwata. Wajen tsallake kwatar ne kuma mazagin wandona ya tsinke, na damƙe ƙugu da hannun hagu. A haka muka shiga Sabon Gari, shi a gaba da tuntayensa, ni a baya ina ce wa mutane su kauce, kamar ni na shirya tafiyar.

Bai yi shawara da kowa ba ya karya kwana ya faɗa wani gida mai koren ƙyaure. Gidan giya ne, kuma ranar ce wa’adinsa ya cika. ’Yan agaji na tsaye, ana loda akwatunan kwalabe a mota, ’yan kallo sun cika ƙofa. Kyaftin ya ratsa su ya shige ƙarƙashin wani benci a lungu. Ni kuma na zube a gwiwa, hannuna na dama a ƙarƙashin bencin, kwalabe na gangarawa a gefena.

Mai gidan, wata mata da ake ce wa Madam, ta leƙo ta ce, “Kyaftin, kwana biyu ba mu gan ka ba.” Ta kawo masa ƙasusuwan farfesu a kwanonsa. Yana da kwano a gidan.

Wani ɗan agaji ya dube ni ya ce wa na kusa da shi, ba da ƙarfi ba, dabba ba ta sanin hanyar da ba a saba bi da ita ba. Kyaftin bai ko kalli ƙasusuwan ba. Ya ɗora haɓarsa a ƙasa yana kallon ƙofa. A nan na gane ciwonsa: nan Baba Sande ke zama kullum da yamma, shi kuma ya zo jiransa ne. Tausayinsa ya kama ni, amma na fi tausayin kaina.

Sai ga dattijon nan ya jingine keke ya shigo, hulata a hannu ɗaya, takalmina a ɗayan. Ya ajiye su a gabana.

“Malam, kai na malamin dabbobi?”

Na ce ni ne, Baba.

“Ni na Mamman, ƙanen uban Luba. Daga Moriki niz zo.”

Ya kamata in durƙusa in gaishe shi, to dama a durƙushe nake. Na ce masa ya hanya. Ya ce lafiya lau, ya ga gari.

Kwanakin da suka biyo baya ban ci abincin kirki ba. Ina son Luba ƙwarai, kuma na tabbata na rasa ta. Na ma fara tunanin neman canjin wurin aiki zuwa Shinkafi, sai na tuna labarin zai riga ni isa, tun da direbobi sun gani.

Daga baya wan Luba ya zo ya faɗa mini yadda aka yi. Ashe Baffa Mamman bai tafi ba sai da ya zauna da Madam, ta ce ba ta taɓa ganina ba, kuma da ganin yadda na shigo ba ta fatan sake gani. Da ya koma gida aka tara dangi, ya ce yaron nan giya dai ba ya sha, wayo kuma ba shi da yawa. Sannan ya ce:

“Amma na ga dabba ta tozarta shi gaban jama’a, bai ɗaga hannu ya buge ta ba. Ku ba shi.”

Aka ba ni. Har yau in ana faɗan miji da mata a danginsu, ni ake kawowa misali. Ban taɓa gaya wa kowa cewa hannuna ɗaya na ɗaure a ƙarƙashin benci, ɗayan kuma yana riƙe da wando ba.

Abin da na koya shi ne, daga nesa ba a bambanta mai haƙuri da wanda ya rasa yadda zai yi. In aka yaba maka da haƙuri, ka ce alhamdu lillahi, ka ƙara damƙe wandonka.