Yadda Za Ka Sa Polenta Ta Kwana a Gidan da Akwai Baffa Gelindo

Ƙarfe huɗu na yammacin Asabar, ana yayyafi a kan duwatsun Carnia da ke arewacin Italiya, Ermes ya ɗora tukunyar tagulla a wuta. Abin da ya yi daga nan shi zan koya maka. In ka bi a hankali, na yi alkawari gobe da rana za ka ajiye soyayyar polenta, wato tuwon masarar mutanen can, mai ƙaras-ƙaras gaban wadda kake so. Dabarar ba ta taɓa ƙi ba. Sau ɗaya aka gwada.

1. Samu dalili mai ƙarfi

Ba a shiga wannan wahala don nishaɗi. Dalilin Ermes sunanta Nives, gobe Lahadi za ta fara cin abinci a gidansu, kuma ba ta cin nama. Duk abin da ke gidan kuwa ya ratsa ta kitse. In babu polenta, latas kawai za a ba ta, ga shi ta taɓa gaya masa ita ba zomo ba ce.

Kakarsa Oriella da ta ji labari sai ta ce za ta kunna wa yarinyar kyandir a coci. Baffansa Gelindo, tsohon magini, ya tambaya wa zai ci rabonta na nama. Da aka ce shi, nan take ya sa wa auren albarka.

2. Tuƙa

Ruwa ya tafasa, gishiri, sai ka riƙa barbaɗa garin masara kamar ba ka son rabuwa da shi. Minti arba'in da biyar kana juya muciya ɓangare guda. Kada ka sauya hannu. Hannun ba zai mutu ba, zai dai yi kama da ya mutu.

"Haka za ka riƙe mata, ɗan nan?" in ji Kaka daga kujerarta. "Ko miya ba a juyawa haka."

Kada ka amsa. Mai amsawa polentarsa gudaji take yi, kowa ya san wannan.

3. San wanda kake fama da shi

Polenta mai zafi ba ta soyuwa. Sai ta huce, ta kwana, ta yi tauri. Ga matsalar: tun da Baffa Gelindo ya dawo daga aikin gini a Suwizalan, polenta ba ta taɓa ganin safiya a gidan nan ba. Ya san firji, ya san ƙarƙashin gado. Wadda aka ɓoye cikin injin wanki ma ya cinye, ya bar takarda cewa gishiri bai ji ba.

4. Ɓoye ta inda idonsa ba ya zuwa

Kowane mutum yana da wurin da ba ya kallo, wato wurin aikin da bai gama ba. Shekara shida Baffa yana gina akurki a bayan gida. Bango ya tsaya iya gwiwa, ga tulin bulo a gefe, in zai wuce ta nan sai ya ɗaga kai yana duba hadari.

Don haka zuba polenta a gwangwanin gasa burodi. Ta huce, ka kife ta, ka naɗe da tsumma mai tsabta, ka ƙara da jar takarda, ta fito kamar bulo. Ermes ya cusa tasa tsakiyar tulin. Da ya ja baya ya duba, shi kansa sai da ya ƙirga kafin ya gane ta.

5. Hana tsofaffi magana a kan akurki

Nan Ermes ya yi sake. Ana cin abincin yamma Kaka ta ce baƙuwa za ta zo ta ga bangon nan, ta ɗauka duk mazan gidan haka suke barin abu a rabi. Baffa ya ajiye cokali.

Da safe ƙarar cokalin gini ce ta tashi Ermes. Ya fito ya tarar bango ya kai kafaɗa, tulin bulo babu ko ɗaya.

In haka ta same ka, kada ka gudu. Bi bangon kana ƙwanƙwasawa, kana shinshinawa. Ermes ya yi layi huɗu, kaji na bin sa da ido. Ƙararrawar coci ta buga sha ɗaya, Nives kuwa sha biyu za ta iso.

"Baffa, bulon nan duk masu tauri ne kuwa?"

"Shekara talatin ina gini, yau ɗan ƙanena ke shinshina min bango. Wuce ka wanke latas."

6. Soya abin da ka samu

Ermes ya koma ɗakin girki yana shirya yadda zai yabi latas. A kan katako ya tarar da polentarsa, an kwance ta, an yanka da zare, kowane yanki daidai da ɗan'uwansa kamar an sa ma'auni. Gefe guda akwai alamar haƙora.

Kada ka tsaya tambaya. Sa man zaitun a sabon kasko, ba na Kaka ba. Ya yi zafi sosai, ka jera. Kada ka taɓa su sai sun saki kaskon da kansu, sannan ka juya. In sun yi ja, barbaɗa cuku.

Nives ta gatsa, aka ji ƙarar har bakin ƙofa. Ta ci biyar. Kaka ta duba ta da kyau, ta ce wataƙila ciwon ƙin naman nan ba mai tsanani ba ne.

Hannuna a wanke

In naka baffan ya shafa wa polentarka siminti, ko ya cinye har da takardar, ko yarinyar ta ƙoshi ta auri wani, babu ruwana. Ni ban ce ka mallaki baffa ba.

Ermes ma bai yi godiya ba, don yin godiya amsa laifi ne cewa ya ɓoye wa baffansa abinci. Sai dai har yau akwai rami a bangon akurkin, daidai bulo ɗaya. Baffa Gelindo ya ce taga ce. Ya kuma ce gishiri bai ji ba.