Muryata a Lasifikar Shago

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da kwamfutoci biyu suka haɗa baki suka tona mani asiri ba.

Lokacin an datse layukan waya a yankinmu. Ina aiki a shagon Alhaji Lawal a Batsari, muna tura wa mutane wa'azi a katin memori na waya. Matata Hadiza tana gidansu a Runka, ta tafi wankan haihuwar fari. Hanya ba lafiya, waya babu. 'Yar tawa tun ranar suna rabona da ita. Wallahi kaɗaici ya ci ni. Sai na tsiro da wata ɗabi'a: in shago ya yi shiru, in kunna sabuwar kwamfuta in naɗi muryata kamar ina hira da su. Ba inda zan aika, ajiyewa kawai nake.

To, wa'azozin suna cikin sabuwar, a ɗakin ciki, tsohuwar kuma tana gaban shago da lasifika. Alhaji ya ce in haɗa su da kebul su riƙa ganin juna. Ina! Tsohuwar ta rantse ba ta san da wata sabuwa ba. Na sa masu sunan rukuni ɗaya, shiru. Na rubuta masu lambar adireshi da hannu, sai sabuwar ta kafe sai an ba ta kalmar sirri. Na cire wannan, na tono tsohon tsarin raba fayil da sababbi ke zuwa da shi a kashe, na kunna. Da haushi ya ishe ni, maimakon jakar fayilolin wa'azi kaɗai, na buɗe wa tsohuwar komai da komai. Suka ga juna (ni gwani, har da yi wa kaina kirari).

Ranar kasuwa sai ga surukina, Malam Sani, ya biyo motar hatsi. Ni da ko ido ba na haɗawa da shi, na durƙusa na gaishe shi na shige ciki. Ya miƙa wa Alhaji katinsa. Alhaji ya ce bari ya jiyar da shi sababbin da suka zo, ya danna na farko.

"Hadiza, ni ne. Yau ma tuwon bai ciwu ba. Maryam, Maryam, babanki ne..."

Sunan 'yar fari, a bakina, cikin lasifika, gaban mai nama da masu cajin waya! Har da shessheka. Alhaji ya rikice yana neman wurin kashewa, ya ƙaro ƙara. Na fizge kebul ɗin da na sha wuyar haɗawa.

Malam Sani ya sunkuyar da kai. Can, ba tare da ya dubi ƙofar ɗakin da nake ɓoye ba, ya ce wa Alhaji, "Bar wa'azin. Sa mani wannan, akwai masu jiransa a gida."

Dole na mayar da kebul da hannuna, ina gumi.

Tun ranar jaka ɗaya nake buɗe wa kowace kwamfuta. Sai dai ba don wautar nan ba, da har aka gama wankan Hadiza ba ta ji muryata ba.