Yadda Za Ka Sa wa Ƙaramar Motarka Birkin Jif

Ɗan'uwa, idan motarka na cikin waɗanda ake taka wa birki a Kazaure su tsaya a Roni, share hawayenka. Ka bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari za ta tsaya cak, ko ta so ko ta ƙi. Ni dai ban taɓa mallakar mota ba, amma shekarata ashirin a kan bencin tasha, kuma a gabana Halliru direba ya yi nasa aikin. Da shi za mu yi karatu.

1. Ka musa, har sai an kai ƙararka

Kada ka yi saurin yarda birkinka ya mutu. Halliru, mai jigilar fasinja daga Kazaure zuwa Gwiwa, ya yi shekara biyu yana tsayar da mota da rage giya, da yashin gefen hanya, da salatin fasinja. Lafiya lau ake tafiya har ranar da Inno mai nono ta je gaban shugaban tasha, Kawu Zarami, ta ajiye ƙwaryarta.

“Alhaji, ni kullum a ƙauyen gaba yaron nan yake sauke ni. Mutanen can har sun fara gayyata ta suna.”

Kawu ya sa aka kira Halliru. “Ubanka abokina ne, shi ya sa na daɗe ina kawar da kai. Kwana bakwai na ba ka. Ni zan zauna a gaba, Inno a baya. In motar nan ba ta tsaya a gindin gawon rugarsu ba, ka fita daga layi.”

Tsoro ya kama Halliru. Layin nan gadonsa ne daga mahaifinsa, kuma da shi ake ɗora tukunya a gidansa. Irin wannan tsoron kake buƙata kai ma, domin mai kwanciyar hankali ba ya ƙirƙiro komai.

2. Ka raina kayan motarka

Abin da za ka canja sunansa kalifa, wato ƙarfen nan mai kama da muƙamuƙi da ke cije faifan taya idan ka taka birki. Masu ƙaramin tunani za su ce ka sayi irin ta motarka. Ka tambaye su: irin ta motarka ba ita ce ta kunyata ka ba?

Halliru Babura ya nufa, wajen Haladu ɗan gwangwan, inda wata ƙatuwar jif ta shigo daga Nijar ta mutu. Kalifa ɗaya ce ta rage a jikinta, ta hagu.

“Ina 'yar'uwarta?” in ji Halliru.

“Wani makiyayi ya ɗauka, ya yi wa bijiminsa turke da ita. Tun ranar bijimin bai ƙara taka gonar kowa ba.”

Ka ji shaida. Abin da ya tsayar da bijimi, mece ce wata mota mai cin mutum shida? Ɗauki ɗayar ka yi gaba.

3. Ka nemi makaniken da ba ya gardama

Na farko zai ƙi. Yakubu, makaniken Halliru na shekara da shekaru, ya ɗaga kalifar da hannu biyu, ya ajiye, ya goge zufa.

“Yaya Halliru, wannan ta fi tayarka nauyi. Kuma gefe ɗaya? In hagu ta cije, dama ta ci gaba da gudu, ina kake zaton motar za ta?”

Hassada ce. Kada ka ba shi amsa, ka wuce wajen mai walda, domin shi duk abin da aka kawo masa liƙawa yake yi. Ramukan ƙusa ba za su dace ba, a huda sababbi. Taya za ta ƙi shiga, a ciro ta a-kori-kura a sa a wannan gefen. Daga nan motar za ta karkace dama kamar mai gaida surukai. Duk wanda ya tambaya, ka ce haka yayin yake a Kano yanzu.

4. Ka fitar da iska

Wannan aikin mutum biyu ne: ɗaya a ƙarƙashin mota yana kwance noti, ɗaya a kujerar direba yana taka birki. Tunda ka ɓata da makanikenka, saura matarka.

Bahijja, matar Halliru, ta shiga ta zauna. Halliru daga ƙasa yana cewa, “Taka. Riƙe. Saki.”

Bayan taku ɗari biyu ta leƙo ta taga. “Baban Nafisat, ni fa ko surfen gero bai taɓa gajiyar da ni haka ba. Abin nan ci yake ko sha?”

Sha yake. Kalifar jif ta shanye kwalba uku ta man birki ba ta ce ta ƙoshi ba. In naka ya ƙare, ka cika da ruwan omo. Kumfa za ta riƙa fitowa ta gindin taya, alama ce birkin na da tsabta.

5. Ka gwada inda ba kowa

Da sassafe Halliru ya fita bayan gari, ya ba ta wuta, ya yi bisimilla, ya taka. Tayar hagu ta kafe. Sauran ukun ba wanda ya sanar da su, suka ci gaba da tafiya. Motar ta yi wata irin katantanwa, ta tsaya, sai ga Halliru yana kallon garin da ya baro.

Ya gwada sau huɗu, sau huɗu tana juyo da shi. Ya zauna a kan bonet ya yi tagumi, don gobe ne kwana na bakwai. A nan raggo yake komawa wajen Yakubu ya ba da haƙuri. Kai kada ka koma. Ka tuna da kyau abin da shugaba ya ce: ta tsaya a gindin gawo. Bai yi maganar fuska ba.

6. Ranar gwaji, kada ka yi wa kowa bayani

Kawu Zarami ya zauna a gaba da carbinsa, Inno a baya da ƙwaryarta a cinya. Halliru ya tuƙa su a hankali, ƙafarsa nesa da birki, har gawon ya bayyana.

“A nan,” in ji Inno.

Halliru ya rufe ido ya taka. Gonaki suka wuce ta gaba, suka dawo ta baya. Hular Kawu ta koma kan Inno, faifan Inno ya koma kan Kawu. Da ƙura ta lafa, ga mota a gindin gawo daidai, inuwa ta rufe ta, hancinta na kallon Kazaure.

Inno ta sauka ta dafa bishiyar, ta daɗe tana riƙe da ita. Kawu kuwa sai da ya ja carbi zagaye guda kafin ya yi magana.

“Kullum haka take yi?”

“Sai in na taka ne kawai, Kawu.”

“To. Na ce ta tsaya, ta tsaya. Ba zan yi magana biyu ba, layinka na nan. Amma ni ba zan yaudari jama'a ba, za a rubuta gaskiya a allo.” Ya fita ya tare ɗan acaɓa.

7. Ka karɓi abin da Allah ya ba ka

Kada ka ce ai sai ya juya da sitiyari ya ci gaba. Yana juyawa. Amma hanyar Gwiwa akwai awaki, kuma kowace akuya birki ce. Washegari Halliru ya tarar da sabon allo a kan motarsa: KAZAURE ZUWA KAZAURE. Kunya ta kama shi har ya kasa shan shayi, ya zauna yana jiran a yi masa dariya.

Kafin hantsi motar ta cika. Wanda aka tilasta wa zuwa sulhun gona a Gwiwa, da wanda aka aika bikon matar wansa, da wanda surukinsa ya ce yana son ganinsa, duk suka yi layi. Yanzu sai ka kama kujera tun jiya. A fita, a haɗu da akuya, a dawo, kowa ya shiga gida ya rantse da gaskiyarsa: “Wallahi na shiga mota, ba ta kai ba.”

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan, shi da motarsa da fasinjansa. Karyewar taya, jiri, zubewar nono ko fushin Yakubu, babu hannuna a ciki, ni a kan benci nake. In kuwa ka ce lallai sai ka zo ka same ni mu yi ta, bisimilla, ina Gwiwa. Ka taho a motarka.