Wake-waken Baba da Haƙorin Jazuli

A gidan surukaina na tarar da wata al'ada da ban san wanda ya kafa ta ba: duk wanda ya fara ganin haƙorin jariri da idonsa, shi zai ba jaririn kaza. Uwa ba ta ciki, don ita kafin kowa ya gani ta riga ta ji a jikinta. To, surukina Baba Tanimu kaji ne da shi cike da akurki, amma jikoki shida aka haifa a gidan bai taɓa ba da ko fiffike ba. Da zarar yaro ya kai wata biyar sai Baba ya daina yi masa wasan da zai sa shi dariya. In kuma yaron ya wage baki don kansa, sai ka ga Baba ya ɗaga kai yana duba ko hadari ya haɗu, ko da kuwa tsakiyar rani ake.

Da autana Jazuli ya shiga wata na bakwai, alamu suka fito fili. Yawu ya dinga dalala, har riga uku nake canza masa a wuni. Duk abin da hannunsa ya kai sai baki: gefen zanena, murfin kwano, carbin kakarsa. Dasashinsa na ƙasa ya yi ja ya ɗan tasa, ga rigima ba gaira ba dalili. Malamar asibiti ta riga ta ja mini kunne, ta ce in na ga zazzaɓi mai zafi ko gudawa kada in zauna ina cewa haƙori ne, in kai shi. Allah Ya taimake ni babu ko ɗaya. Tsumma mai tsabta nake jiƙa masa da ruwan randa ya yi ta tauna, ko in wanke hannu in murza masa dasashin a hankali, sai ya lafa.

Wata ranar Talata ina shayar da shi na ji abin da na ji. Na yi hamdala a raina na kama bakina, sai dai surukata Inna Tabawa ta ga zaburar da na yi. Kafin azahar labari ya zaga gida, kowa ya makance. Babansa ya koma ɗaukarsa ta baya kamar tulu. Ƙanwar babansa in za ta goya shi runtse ido take yi. Inna kuwa cewa ta yi ciwon idonta ya tashi, gishiri da sukari ma ba ta bambancewa. Alhali idon nan ƙyam yake a kan wata kaza wake-wake, wadda Baba ya fi ƙauna duk cikin kajinsa, har tsaki yake ba ta a tafin hannu.

Ina tayar da sallar la'asar Jazuli ya tsala kuka. Inna ta sure shi, ta nufi gindin darbejiya inda Baba ke zaune.

"Malam, riƙe mini angona in sauke tukunya."

"Ba ki ga hannuna duk dusa ba?"

"Ga buta, ga sabulu."

Baba ya wanke hannu yana ƙunƙuni. Ya karɓi yaron ya juya shi yana kallon katanga, shi kuma yana kallon sama. Kuka sai ƙaruwa yake. Daga bakin murhu Inna ta ɗaga murya ta ce, "Bar shi ya yi abinsa, Malam, uwarsa ta kusa sallamewa. Murza dasashi sai wanda ya iya, ba aikin maza ba ne."

Baba kuwa ka ce masa komai, amma kada ka ce bai iya ba.

"Ni da na ga girman 'ya'ya tara? Zo nan, abokina, mu ba tsohuwar nan kunya."

Ya yi bismilla, ya kawar da fuska gefe, ya lalubi bakin yaron ya zura yatsa yana murzawa. Jazuli ya yi tsit.

"Kin ji ko, Tabawa? Yaro ya san hannun manya."

Bai rufe baki ba Jazuli ya datse. Baba ya zabura har hularsa ta faɗi, ya manta da kaza, ya manta da dabarar shekara da shekaru. Ya juyo da yaron, ya ja leɓensa ƙasa ya leƙa.

"Wane abu ne wannan a bakin yaro kamar tsinin allura? Au, ga shi nan kuwa, fari tas kamar ƙwayar shinkafa."

Daidai nan na sallame, kuma na gode Allah da na sallame, don da dariya ta ɓata mini salla. Inna ta rangaɗa guɗa, ta je bayan rumbu ta ɗaga wani kwando. Ashe tun da hantsi ta kife wake-waken a ciki.

Baba ya ce, "Tabawa, ki ji tsoron Allah. Babu fa gilashi a idona, wannan ba gani ba ne."

"Babu gilashi ka ce ƙwayar shinkafa. Da akwai ai da har irin shinkafar ka faɗa mana."

"To a ba shi wancan ɗan tsakon, su girma tare."

"Jikoki shida ka tsallake kana duba hadari. Yau ruwa ya sauka a kan wake-wake."

Baba ya dubi kazar a hammatar Inna, ya dubi yatsarsa, ya dubi Jazuli da ke ta ɓangala masa dariya da ɗan haƙorinsa guda. Sai ya buɗe nasa bakin, wanda babu komai a ciki sai dasashi, ya nuna da yatsar da aka ciza.

"Wannan wane irin rashin adalci ne? Nawa talatin da biyu suka zube a gidan nan, ko ƙwai ɗaya ba wanda ya kawo mini na jaje. Shi guda ɗaya tak ya leƙo, an ɗauke mini kaza sukutum."

Inna ta gyara riƙon kazar ta ce, "Yi haƙuri, Malam. Ranar da naka ya sake leƙowa ni zan fara gani, kuma rago zan ba ka."