Rasuwar Wayata a Hidimar Mutum-mutumi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda haushi ya fi yawa a cikinsa, ni Lawal Nagoggo, tsohon shugaban 'yan dako na bakin iyakar Jibiya, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar wayata. Ta cika ranar Talata da hantsi, a filin makarantar su jikata Salmatu, tana bakin aikin da ba nata ba.

Marigayiya 'yar Maraɗi ce, can na saye ta. Layi biyu gare ta, na Najeriya da na Nijar, ba ta taɓa fifita ɗaya ba. Direba ya kira daga Ɗan Isa ta Nijar, ta amsa. Mai kaya ya kira daga Katsina, ta amsa. Ba a taɓa jin kiɗa a bakinta ba, sai karatu da wa'azi. Kukanta ɗaya ne, ƙirrr, ƙirrr, ba ƙari ba ragi. Idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙe, shi ya sa kullum bayan la'asar Salmatu kan zauna gefena ta karanta min saƙo, ta tsokane ni, in kore ta, ta ƙi tafiya.

Ciwon ajali ya faro ne ranar da malaminsu, Malam Ɗanladi, ya sa su ƙera mutum-mutumi don gasar makarantu. Na gan shi. Akwati ne mai taya huɗu, ba kai ba wuya. Aikinsa ya ga ƙwallo ya ɗauka, abin da ɗan yaye ke yi ba mai tafa masa. Ba shi da ido, sai aka ari wayata aka ɗaure masa a gaba. Wai ita za ta riƙa aika hoto ta sabis zuwa kwamfutar malam, kwamfuta ta gaya wa akwatin inda zai nufa.

Hoton ya zo, ya tsaya, ya ɗauke. Akwatin ya yi ta karo da bango.

Babu wanda ya zargi akwatin. Ita aka ce ta tsufa. Aka kashe ta aka kunna. Aka zare layi aka goga a riga aka mayar. Da abin ya ƙi, suka yi abin da kowane ɗan Jibiya ke yi in sabis ya gudu, wato neman sama. Suka ɗaure ta a kan gora, suka kafa gorar a jikin akwatin. Abin ya ƙara lalacewa. Sai daga baya Salmatu ta gano dalili: duk ɗagawar da aka yi mata, sabis ɗin Nijar take kamawa ta saki na gida, alhali na gida ne ke kai hoton. Ta hango ƙasarsu ta gaishe ta. Ban ga laifinta ba.

Kafin a gane haka akwatin ya yi kwana da gudu, gora ta karkace, marigayiya ta faɗo cikin kwatamin alwala. An ce ta yi zzz sau ɗaya, ta yi shiru.

Salmatu ta kawo min gawar tana hawaye. Na ɗauka kukan mamaciya take. Ta ce, "Tsoho, yanzu wa zai ara mana wata?" Sun samu ta malaminsu, sun hana ta leƙa Nijar, hoto ya zauna daram. Haka na ji, ban je ba. An ce har da bakin hijabinta Salmatu take share wa akwatin ƙura. Ni tun ranar ban sa ta a ido ba bayan la'asar.

Marigayiya ta bar caja, da layi biyu marayu, da jakar fata da aka ɗinka mata a kasuwar Jibiya, da tsoho ɗaya wanda akwati ya fi shi daraja a gidansa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a ƙofar gidana. Gwangwanin madara ne makara, rami yana gindin darbejiya. Babu salla, ba mutum ba ce, kada wani malami ya zo min da magana. Ba a gayyaci akwati ba. An gaya min a daidai lokacin ne motar 'yan gasa za ta tashi zuwa Katsina. Na sani, ni na zaɓi lokacin. Salmatu ce za ta sa ta a rami da hannunta. In ba ta zo ba, gawa za ta jira. Ni ma haka.