Ranar da Na Taɓa Kalangun Buda

Wauta na yi ta iri-iri, amma ta wani biki a garin Shagari, ko tsufa ya cinye min hankali ba zan manta da ita ba.

Zamanin Nasara ne. Na dawo daga aikin hanya da gajeren wandon kaki, ina tafiya awa ni na haifi Joji, alƙalin Nasara. Akwai Hajo, yarinyar da nake nema, kuma a bikin nan na yi niyyar ta ba ni amsa.

Da la'asar Buda makaɗi ya rataye kalangunsa ga icce ya tafi salla. Na dubi Hajo na ce, "Ni ma ina ɗan taɓawa." (Mu can, in mutum ya ce yana taɓawa, to ba gadonsa ba ne, ba sana'arsa ba, wasa kawai yake da kayan mutane.) Kiɗa ɗaya tak na sani, wanda nake jiyowa daga fagen mahauta a Bodinga. Na saɓa, na matse, na sake shi. Har da lumshe ido, don Allah!

Ashe taken Ɓarje na Kajiji ne, ɗan damben da ko raƙumi ke kauce ma hanya. Ɗan dambe kuwa ba a kaɗa takensa sai an aje masa abokin karo. Ɓarje yana can gefe yana shan fura, ya yi jifa da ƙwarya, ya taso yana tsuma yana kirari.

"Wa yak kira ni? Ina namijin da anka samo?"

Jama'a, Allah ya saka musu, sunka nuna ni baki ɗaya.

Na ce, "Yaya Ɓarje, wasa ne."

Ya ce, "Yaro, ni ban tsuma a banza. Naɗe hannu!"

Na aje kalangu cikin ladabi, na nufi darni. Ni na tsallake, wandon bai tsallake ba. Haka na ratsa tsakar mata masu tuƙin tuwo, suna salati.

Tun ranar, abin da ban gada ba ko ƙura ba na kaɗe masa. Hajo kuwa Ɓarje ta aura. Amma washegarin gudun nan da kanta ta kawo min wandon, a ninke, ta ce:

"Kiɗan dai mun ji na Bodinga ne. Gudun fa, Nasara ya koya maka?"